Manhajojin Lissafa Mujallun Komik: Me Suke Yi, Kuma Har Ina Za a Yarda da Farashin da Suke Nunawa?

Tun da aka yi gwanjon kwafi ɗaya na mujallar Action Comics fitowa ta 1, ta shekarar 1938, a kan dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024, a kamfanin Heritage Auctions na birnin Dallas da ke Amurka, wata tambaya ta riƙa yawo a bakin mutanen da ke da tsofaffin mujallun labarin zane jibge a gida: shin da gaske akwai manhajar da mutum zai haska wa mujallarsa kyamarar waya, nan take ta faɗa masa ko yana zaune a kan dukiya? Irin waɗannan manhajoji suna nan, wasunsu ma sun girmi wayar hannu ta zamani, amma aikin da aka ƙirƙire su dominsa ya sha bamban da wanda jama'a suke zato. An yi su ne domin su tantance wa mai tara mujallu ainihin abin da yake da shi, da abin da ya rage masa, da kuma akwatin da kowace mujalla take ciki. Batun farashi daga baya ya shigo, kuma a nan ne mafi yawan ruɗanin yake.

Wane irin kaya ne ake lissafawa?

Mujallar komik irin ta Amurka 'yar siririya ce, yawanci shafi 32, an haɗe ta da ƙusar takarda guda biyu, kuma tana fitowa ne wata-wata da lambar fitowa a bangonta. Labari guda yakan ɗauki fitowa shida ko fiye kafin ya ƙare, don haka mai bibiyar jarumi ɗaya na tsawon shekara goma zai wayi gari da mujallu sama da ɗari, wanda kuma yake bin jarumai da yawa nasa lissafin ya shiga dubbai ke nan. Masu tarawa suna sanya kowace mujalla a cikin leda tare da kwali mai kauri a bayanta don kada ta lanƙwashe, sannan su jera su a tsaye cikin dogon akwatin kwali da ke ɗaukar kimanin 250 zuwa 300. Da zarar akwatunan sun kai goma ko ashirin, ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe abin da ke ciki, kuma abin da yakan biyo baya shi ne sayen abin da ake da shi sau biyu ko sau uku.

Kafin zuwan kwamfuta, littafin rubutu da katuna ake amfani da su, tare da kundin farashi na Robert Overstreet wanda ya fara fitowa a 1970 kuma ake sabunta shi duk shekara. Mutum yakan bi jerin da ke cikin kundin yana yi wa abin da ya mallaka alama da biro.

Inda lissafin ya rikice

Da a ce kowace mujalla suna ɗaya da lamba ɗaya take da su, da jadawalin Excel ya wadatar, kuma har yau akwai masu tarawa da yawa da shi kaɗai suke amfani. Matsalar ita ce kamfanonin da ke buga mujallun, musamman Marvel da DC, sun daɗe da gano cewa lamba ta 1 ta fi kowace lamba shiga kasuwa, saboda haka sukan dakatar da jeri su sake farawa daga farko. Mujallar The Amazing Spider-Man ta fara fitowa a 1963, aka sake mata lamba daga 1 a 1999, aka koma tsohon lissafi da ta kai fitowa ta 500 a 2003, sannan aka sake komawa lamba ta 1 a 2014, da 2015, da 2018, da kuma 2022. Wanda ya ce yana da fitowa ta 1 ta wannan mujalla bai faɗi komai ba tukuna sai ya ambaci shekara, domin ta 1963 kuɗinta na iya sayen gida, ta 2018 kuwa ana samunta a kwandon rangwame na shaguna.

Bayan haka sai batun bango iri-iri. Fitowa guda, labari guda, amma a buga ta da zanen bango daban-daban domin mai son cika jeri ya sayi kowanne. X-Men fitowa ta 1 ta 1991, wadda Jim Lee ya zana, ta fito da bango iri biyar, aka kuma sayar wa shaguna kwafi sama da miliyan 8, adadin da har yau ba a kamo ba. Abin ya ci gaba da haɓaka har ya zama a yau fitowa ɗaya na iya samun bango ashirin ko hamsin, wasu ma na shago ɗaya ne tak, wasu kuma sai mai shago ya yi odar kwafi 25 ko 100 na bangon gama-gari kafin a ba shi ɗaya.

Akwai kuma bambancin bugu na farko da na biyu da na uku, da bambancin kwafin da aka kai wa masu sayar da jarida a bakin titi da wanda aka kai shagunan komik kai tsaye. Wani bambancin ma bai wuce lambobi biyu a kusurwar bango ba. A 1977 kamfanin Marvel ya gwada ƙarin farashi a wasu 'yan garuruwa, inda ya buga kwafi kaɗan na Star Wars fitowa ta 1 da farashin santi 35 maimakon santi 30 da ke kan sauran. Zane ɗaya ne, labari ɗaya ne, takarda ɗaya ce, amma mai ɗauke da 35 ɗin ta ninka 'yar'uwarta daraja sau da yawa, kuma wanda bai san da wannan ba zai iya rabuwa da ita a farashin ta gama-gari.

Yadda manhajar take gane mujalla

Abin da ake gani a fuskar waya shi ne ƙaramin ɓangare na aikin. Ginshiƙin kowace manhaja shi ne rumbun bayanan da ke bayanta, wato wani ƙaton kundi da aka shigar da kowace fitowa da hoton bangonta, da kamfanin da ya buga ta, da wata da shekara, da sunayen marubuci da mai zane da mai shafa launi, da jaruman da suka bayyana a ciki. Idan mutum ya shigar da mujallarsa, manhajar tana nemo takwararta ne a wancan kundi ta liƙa mata alamar cewa wane yana da ita, shi kuma ya ƙara nasa bayanin: nawa ya saya, yaushe, a wane hali take, a akwati na nawa take.

Hanya mafi sauri ta shigarwa ita ce haska lambar layi-layi da ke jikin bango. Mujallun Amurka sun fara ɗaukar wannan lamba a tsakiyar shekarun 1970, kuma ta zamani kashi biyu ce. Babban kashin yana da lambobi 12 da ke nuna kamfani da sunan mujalla, sai kuma wasu ƙananan lambobi biyar a gefen dama waɗanda su ne ke ɗauke da sirrin. Uku na farko lambar fitowa ce, ta huɗu tana nuna irin bango, ta biyar kuma tana nuna bugu. Idan aka ga 00111, ana nufin fitowa ta 1, bango na farko, bugu na farko. Idan kuma 00112 ne, to bugu na biyu ne. Kyamarar da ta kama babban kashin ta bar ƙananan biyar ɗin za ta kawo sunan mujalla daidai, amma ta bar mai ita da zaɓen fitowa da bango da idonsa, kuma a nan ne kurakurai suke shiga kundin mutane ba tare da sun lura ba.

Wannan hanya tana da iyaka. Duk mujallar da ta fito kafin zuwan lambar, wato dukkan waɗanda suka fi tsada, ba ta da abin haskawa. Haka kuma kwafin da Marvel ya riƙa kai wa shagunan komik a shekarun 1980 yawanci ba lamba a cikin akwatin kusurwarsa, sai hoton kan Spider-Man a madadinta. Na masu jarida na wancan zamani kuwa ƙarin lambobi biyu kawai gare su. Irin waɗannan sai an neme su da suna da lamba, ko kuma a ɗauki hoton bangon idan manhajar tana cikin waɗanda suka iya gane mujalla ta hoto.

Su wa ke wannan harka?

Mafi daɗewa cikin waɗanda har yanzu ake amfani da su ita ce ComicBase, wadda Peter Bickford ya fara a 1992 a jihar Kalifoniya, manhaja ce ta kwamfuta da ta fi dacewa da masu dubban mujallu da masu shago. CLZ Comics ta kamfanin Collectorz ce da ke Amsterdam a ƙasar Holan, tana aiki a waya da kuma intanet, ana biyan kuɗinta wata-wata ko shekara-shekara, kuma an fi saninta da saurin haska lamba. League of Comic Geeks kyauta ce a matakin farko, ƙarfinta kuma yana wajen bibiyar sababbin fitowa, domin a Amurka ranar Laraba ce ranar saukar sababbin mujallu, kuma masu karatu sukan bai wa mai shago jerin abin da zai riƙa ajiye musu duk mako. Key Collector Comics ta kama wata hanya dabam, ita ta fi mai da hankali ne kan fitowa masu muhimmanci, kamar wadda wani jarumi ya fara bayyana a cikinta.

Akwai kuma Grand Comics Database, wadda 'yan sa-kai suka kafa a 1994 ba don neman riba ba, da burin shigar da kowace mujallar komik da aka taɓa bugawa a kowace ƙasa da kowane harshe. A ganina ita ce ta fi cancantar yabo a wannan fage, ko da yake fuskarta ba ta da ƙyalƙyali, domin bayananta a buɗe suke ga kowa, kuma duk gyaran da wani ya kawo sai wani edita ya duba kafin ya shiga.

Batun farashi, inda ake yawan tuntuɓe

Lambar da manhaja take nunawa a ƙasan allo da sunan jimillar darajar tarin mutum ita ce ta fi jan hankali, kuma ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Yawanci manhajojin ba su ke yanke farashi ba. Suna ɗauko shi ne daga kamfanoni irin su GoCollect da CovrPrice, waɗanda ke tattara cinikin da aka kammala a kasuwar intanet ta eBay da gidajen gwanjo su fitar da matsakaici. Idan mujalla ce da ake cinikinta kullum, wannan matsakaici yana kusa da gaskiya. Idan kuwa wadda ake sayar da kwafi ɗaya ko biyu ce a shekara, to ciniki guda da aka yi cikin zumuɗi ya isa ya ɗaga lambar zuwa inda babu mai saye na biyu.

Abu na biyu shi ne lafiyar mujallar. Tun da aka kafa kamfanin tantance mujallu na CGC, wanda ke jihar Florida, a 2000, kasuwar ta koma kan ma'auni daga 0.5 zuwa 10. Ana aika mujalla, masu tantancewa su duba ta, su ba ta maki, su rufe ta a cikin kwanson roba mai tauri da takardar shaida a samansa. Launin takardar ma magana ne: shuɗiya ta mujallar da ba a taɓa ta ba ce, rawaya ta wadda aka sa wa hannu a gaban shaida, shunayya ta wadda aka yi wa gyara, koriya kuma ta wadda ke da wani lahani guda da aka keɓe. Misalin da masu harkar suka fi sani shi ne The Incredible Hulk fitowa ta 181 ta 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar bayyana. A wani shafi na ciki akwai ɗan tambari da kamfanin ya ce yara su yanke su tara, kuma yara da yawa sun bi umarni da almakashi. Daga waje babu abin da ya nuna, manhajar da aka haska wa bango ba za ta taɓa sani ba, amma kwafin da aka yanke wa tambarin darajarsa ta faɗi ƙwarai.

Tazarar da ke tsakanin maki 9.8 da 9.4, wadda ido marar horo ba zai ma gani ba, tana iya ninka farashi sau biyu ko fiye. Shi kuwa mai mujalla da ke shigar da maki da kansa a manhaja, a bisa al'ada yakan yi wa kayansa alheri, ya kira abin da bai wuce 7 ba da 9. Idan aka yi haka a mujallu dubu uku, jimillar da za ta fito ba ta da alaƙa da abin da kasuwa za ta biya. Ko da ma makin daidai ne, akwai kuɗin tantancewa, da kuɗin aikawa, da kason da eBay ko gidan gwanjo zai cire, sannan mai shagon da zai sayi akwatuna gaba ɗaya ba ya biyan farashin ɗaiɗai, domin ya san mafi yawan abin da ke ciki zai daɗe a kanta bai samu mai so ba.

Tarihi ya riga ya nuna inda irin wannan lissafi ke kai mutane. A farkon shekarun 1990, musamman bayan fitowar labarin mutuwar Superman a ƙarshen 1992, jama'a sun yi ta sayen kwafi biyar-biyar da goma-goma suna ɓoyewa da niyyar su yi tsada nan gaba. Abin da suka manta shi ne Action Comics ta 1938 ta yi tsada ne saboda cikin kusan kwafi 200,000 da aka buga ana sayarwa santi 10, waɗanda suka tsira ba su wuce kimanin ɗari ba, tunda yara sun karanta sun yar, kuma an tattara takardu masu yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da miliyoyin mutane suka adana cikin leda ba zai taɓa yin ƙaranci ba. Kasuwar ta rushe, shaguna da dama suka rufe, Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Disambar 1996. An sake ganin makamancin haka lokacin annobar korona, inda farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, sannan ya fara sauka daga 2022. Masu sukar manhajojin suna cewa sanarwar da wasunsu ke aikawa duk lokacin da aka ji jita-jitar wani jarumi zai fito a fim tana rura wannan wuta. Masu kare su kuma suna cewa a da dillali ne kaɗai ya san farashi, yanzu kuwa wanda ya gaji akwati daga mahaifinsa zai iya dubawa kafin a yi masa wayo. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, sai dai hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi ga wanda ba ɗan kasuwa ba ne.

Sata, gobara da rabon gado

Amfanin da ba a cika magana a kansa ba shi ne na shaida. A 2000 an sace wa ɗan wasan fim Nicolas Cage kwafinsa na Action Comics fitowa ta 1 daga gidansa, ba a sake ganinsa ba sai a 2011 a wani ɗakin ajiya na haya a kudancin Kalifoniya, kuma dillalin da ya sayar masa da shi tun farko ne ya iya tabbatar da cewa shi ne. A wannan shekarar aka sayar da shi sama da dala miliyan 2. Ga talakan mai tarawa, kundin da ke ɗauke da hoton gaba da baya na kowace mujalla mai daraja, da ranar saye, da lambar shaidar da ke jikin kwanson CGC, shi ne abin da kamfanin inshora zai nema idan ruwa ko wuta suka ci akwatunan. Shi ne kuma abin da zai hana magada sayar da fitowa ɗaya mai daraja a tsakiyar ɗaruruwan da ba su da ita.

Bayanan na wane ne?

Mutum na iya shafe watanni yana shigar da tarinsa, amma idan kundin yana zaune ne a rumbun kamfani kaɗai, to ranar da kamfanin ya rufe, ko ya ƙara kuɗi, ko ya sauya tsari, wahalar tana iya tafiya a banza. Masu karanta komik ta waya sun ɗanɗana irin wannan da comiXology, wadda Amazon ya saya a 2014 ya kuma rufe manhajarta a Disambar 2023 ya mai da kowa manhajarsa ta karatu mai suna Kindle. Su ma bayanan sababbin fitowa sun shiga wani hali, domin kamfanin Diamond wanda ya yi kusan shekara 25 shi kaɗai ke rarraba mujallu ga shaguna, kuma kundinsa na wata-wata ne madogarar kowa, ya rasa DC a 2020, ya rasa Marvel a 2021, ya kuma shigar da takardar fatara a Janairun 2025. Yanzu masu rumbunan bayanai daga wurare da yawa suke tsinto abin da a da suke samu a wuri guda.

Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi wa kowace manhaja, kafin a duba kyan fuskarta, ita ce ko tana barin mutum ya fitar da kundinsa gaba ɗaya a fayil irin na CSV wanda Excel ke buɗewa. Manyan cikinsu suna bari, kuma ya dace a riƙa yin hakan lokaci-lokaci ana ajiyewa a wani wuri dabam.

Wanda tarinsa ba na Amurka ba ne

Kusan duk abin da aka faɗa a sama an gina shi ne a kan kasuwar Amurka. Littattafan zane na Faransa da Beljiyam, irin waɗanda masu karatun Faransanci a Yamai ko Damagaram suka saba gani, da kuma manga na Japan, suna fitowa ne a matsayin littafi mai lambar shaidar littattafai ta ISBN, don haka kowace manhajar lissafa littattafai na iya ɗaukarsu, kuma masu Faransanci suna da nasu rumbun mai suna BDGest. Inda giɓin yake shi ne mujallun da aka buga a Afirka, kamar Ikebe Super ta Wale Adenuga da ta yi tashe a Najeriya tun daga shekarun 1970, waɗanda ba su da lambar haskawa kuma ba kasuwar gwanjo da za a ɗauko farashinsu. Wanda ke da irinsu zai shigar da su ne da hannu, fitowa bayan fitowa, ya ɗauki hoton bango da kansa, ya rubuta shekara da maɗaba'a daga shafin ciki, kuma Grand Comics Database tana karɓar irin wannan gudummawa daga duk wanda ya yi rajista.